Gayyar da Muka Yi wa Wayar Yaya

A gidanmu ƙane ba ya zama majalisa ɗaya da wansa. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya faɗa mini haka, na dai taso na tarar. In yayana ya shigo zaure ina ciki, sai in gaishe shi in nemi abin yi a waje. In na je ƙauyenmu da ke gefen Gazara, za mu yi ta ina gajiya, ina aiki, ya iyali, ya Inna da ƙafa, har gaisuwar ta ƙare, daga nan sai shiru, yana kallon ƙasa ina kallon katanga. Ba gaba muke yi ba. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni Makarfi na koyi gyaran injin ban-ruwa, kuma ina sonsa fiye da yadda bakina zai iya faɗa. Magana ce kawai ba ta da hanyar shiga tsakaninmu.

Abin da ya buɗe hanyar, ko wa ka faɗa wa sai ya yi dariya: wasan waya. Shekarar da rakensa ya yi kyau ya sayi babbar waya, ya aiko mini da ita in saka masa karatu da wa'azi. Na saka, na kuma ƙara masa da wasan harbin da muke bugawa ta intanet, don tsokana kawai. Da ya gani ya ce aikin yara ne. Ba a jima ba sai ga kiransa. Bayan doguwar gaisuwa ya yi gyaran murya ya ce, "Wai abin nan naka, ta ina ake sa mutum ya durƙusa?"

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Jirgi ne ke zubar da mutane masu yawa a wani tsibiri, kowa yana bugawa daga inda yake a duniya, an raba su huɗu-huɗu. Ƙungiyar da ta rage da rai ita ta ci. Kana jin muryar 'yan ƙungiyarka a kunne kamar kuna ɗaki ɗaya. Tamu ƙungiyar, ni ne daga shagona a Makarfi, da Yaya daga ƙauye, da wani abokina mai sayar da hatsi a kasuwar Hunkuyi wanda bakinsa ba ya hutawa, sai wani Bafulatani mai maganin dabbobi a Kurmin Kogi ta wajen Ikara, wanda bai cika magana ba amma in ya saita ka ka gama yawo. Bayan la'asar muke haɗuwa, mu tashi in an kusa kiran magariba. Yaya kan zauna a gindin wani mangwaro a bakin fadama, don nan ne kawai sabis ke tsayawa a ƙauyen.

A cikin wasan nan na fara ɗaga wa wana murya. "Yaya, bayanka! Yaya, kwanta!" Ranar da ya harbi bishiya ya bar mutum, ban san sanda na ce, "Haba Yaya, wannan wane irin harbi ne?" ba. Ina shirin ba da haƙuri sai na ji yana dariya, irin dariyar da rabon in ji ta daga gare shi tun ina yaro. Harbinsa bai kai na Bafulatanin ba, amma shi ne shugabanmu ba tare da an naɗa shi ba. Ya san ƙasa. Zai dubi tudu da kwari ya ce ta nan za su ɓullo, kuma ta nan ɗin za su ɓullo. Ga shi da haƙurin kwanciya a ciyawa ya jira. A wannan jiran ne, muna kwance mu huɗu a ciyawar ƙarya, yake magana. A nan na ji abin da ke hana shi barci game da tsadar taki, a nan ya tambaye ni ko akwai yarinyar da nake nema, a nan ya ba ni labarin ranar da jaki ya ƙwace wa mahaifinmu, tsohon ya bi shi da gudu har cikin Gazara. Duk abin da na sani game da cikin wana, a kwance a ciyawar nan na ji shi.

Kada wani ya zaci wasan na da mutunci. Ba shi da shi. Yana raba mutane aji-aji, daga ajin tagulla zuwa azurfa zuwa zinariya har can sama inda manya suke, wai don a haɗa kowa da daidai shi. Ƙarya tsagwaronta. Za a haɗa ka, kai da kake laluben sabis a gindin mangwaro, da wani wanda wayarsa kaɗai ta fi babur ɗinka tsada, ya harbe ka tun hotonsa bai gama fitowa a taka wayar ba. Kana faɗuwa kuma sai shago ya buɗe kansa a fuskarka, ba ka kira shi ba: ga bindiga mai walƙiya, ga riga, ga akwatin sa'a da za ka biya ka buɗe, ko ka dace ko ka tashi da hular banza. Mai hatsi ya taɓa saye bayan kaka, da aljihu ya yi nauyi. Kwana biyu ya zama abin tsoro, duk wanda ya gani sai ya kayar, ya ishe mu da kuri. Daga nan aka juya masa baya, aka dinga aiko masa da waɗanda suka fi shi kaya, shagon kuma ya dawo da sabuwar bindiga da ta fi tasa. Shi da bakinsa ya ce, "Wallahi mutanen nan sun fi mu iya awo. Ranar farko su cika maka mudu har da gyara, in ka saba su buga wa mudun gindi."

Yaya kuwa ko sisi bai taɓa sakawa ba. Cewa yake, "Ni ba na sayen rigar da ba zan sa a jikina ba." Akwatin sa'a kuma ya ce caca ce ko an shafa mata fenti. Da tsohuwar bindigar kyauta ya kai ajin zinariya, a hankali, yadda yake yin komai, kuma yana ji da wannan.

Sai lokacin saran rake ya zo. Yana tura rake a injin matsewa, bakin hannun rigarsa ya shiga, injin ya ja. Kafin a kashe ya tafi da babban yatsansa na dama da manuni, ya murƙushe na tsakiya. Aka kai shi asibiti a Zariya. Na same shi kwance, hannun a naɗe an rataye. Na ce, "Sannu Yaya, ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Na zauna a gefen gadon har aka sallami masu dubiya, ban iya ƙara ko kalma ɗaya ba. Da a cikin wasan ne da na san abin da zan ce masa.

A wajenmu in mutum ya kwanta ciwo ba a barin gonarsa ta lalace. Gayya ake yi: 'yan'uwa da maƙwabta su tsayar da rana su taru su yi masa aikin, ba biya, sai abinci da godiya. Haka aka yi wa raken Yaya. Aka sare, aka matse, aka dafa mazarƙwaila aka jera masa a ɗaki. Muna wanke hannu bayan aikin ne mai hatsi, da ya zo takanas daga Hunkuyi, ya ce, "To, wannan gonar ta fita. Saura ɗayar."

Muka gane abin da yake nufi. Wasan yana tafiya ne zango-zango, kuma duk wanda ya daina bugawa ajinsa zubewa yake yi, in zango ya ƙare a mayar da shi baya. Abin da Yaya ya daɗe yana tarawa zai tafi yana kwance ke nan. Ba wanda ya ga abin tattaunawa a ciki. Mutum ya kwanta, ana riƙe masa abinsa, shi ke nan. Na shiga wajen matarsa na ce a ba ni wayar Yaya. Ta ce, "Ƙanin miji, har yanzu kuna nan da shirmenku? Mutum na asibiti kuna ta wasa?" Na ce aikinsa za mu yi masa. Ta girgiza kai ta shiga ɗaki ta ɗauko.

Ba mu san lambobin sirrin shiga akawun ɗinsa ba, shi ma bai sani ba, tun ranar da aka buɗe masa ya manta. Don haka wayar ce ta dinga yawo. Ta yi kwanaki a wurina, in ba direban da ke zuwa Hunkuyi ya kai wa mai hatsi, shi kuma ranar kasuwar Makarfi ya dawo da ita naɗe a leda, Bafulatanin ya karɓa in ya zo saro magani ya wuce da ita Kurmin Kogi. Duk wanda ya san gayya ya san ba a yin ta da sanyin jiki. A gonarka ka yi lalaci in ka so, a gonar wani kuwa idon mutane na kanka, kowa so yake a ce layinsa ya fi na kowa nisa. Na karɓi wayar tana zinariya, na miƙa ta tana gaba da nan. Mai hatsi ya ƙara. Da ta je hannun Bafulatanin kuwa, rufe shagonsa ya dinga yi da wuri ya zauna mata. Ya kai sunan Yaya ajin da ba wanda ya taɓa takawa a cikinmu, har shi kansa a tasa wayar. Muka yi karo-karo muka saya masa bindiga guda mai kyau, don ba a zuwa wa mara lafiya hannu rabbana. Namu akawun ɗin kuwa muka yi watsi da su duk tsawon lokacin, suka zube har azurfa, ko a jikinmu.

Har yau in aka ce mini kuskure muka yi raina ɓaci yake. Abin da iyayenmu suka koya mana muka yi. Wasan ne bai san mutane ba. Shi a wurinsa suna ɗaya hannu ɗaya ne, bai san cewa mutum kan kwanta wani ya tashi ya riƙe masa ba.

Ranar da aka sallamo shi muka taru a ƙauye. Bayan 'yan sannu sun watse, mai hatsi ya durƙusa ya miƙa masa wayar da hannu biyu. Yaya ya buɗe da hagu. Ya daɗe yana kallon tambarin sabon ajin da ke kusa da sunansa. Ya ce, "Ku kuka yi wannan?" Bafulatanin ya sunkuyar da kai. Yaya ya ce, "Allah ya bar zumunci," ya juya fuska wajen bango. Na tashi na fita waje don kada in ga hawayen wana.

Ya ɗauki lokaci yana koya wa hannun sabon aiki. Yakan ɗora wayar a gwiwa, ya tuƙa mutuminsa da babban yatsan hagu, ya yi harbi da yatsan da ke kusa da ƙaramin a dama, don na tsakiyar ya sandare. A hankali yake, amma yana yi. Da ya ji ya shirya sai ya kira ni ya ce, "Gobe bayan la'asar."

Muka hau mu uku muka aika masa ya shigo ƙungiya. Wasan ya ƙi. Ya rubuto cewa tazarar aji tsakaninmu ta yi yawa, ba za mu shiga gasa tare ba. Muka sake, ya sake ƙi. Mun tura shi sama da hannunmu, mun kuma bar kanmu mun gangaro, ga shi yanzu ba ma iya kai wa gare shi. Yaya ya ce, "Ba komai, bari in shiga ni kaɗai in gani."

Abin da ya gani shi ne mutanen da ba su da aiki sai wasan. Aka haɗa shi da baƙi uku, aka jefa su cikin manya. Bai gama ɗaukar bindiga ba aka kashe shi. Ya sake shiga, haka. Su kuma 'yan ƙungiyar tasa, da suka ga babban aji a kansa suka kuma ga yadda yake tafiya, sai suka hau shi da ihu a kunne, da Turanci da wasu harsunan da bai taɓa ji ba. Bai san kalmomin ba, amma ya san zagi ne. Wanda ya fi yi masa ciwo wani Bahaushe ne ɗan'uwanmu da aka haɗa su, ya ce masa, "Malam, wanda ya sayar maka da akawun ɗin nan ya cuce ka. Je ka yi wasan yara." Mutumin da ko a kasuwa ba a taɓa ɗaga masa murya ba. Daga ranar, in yana cikin baƙi, rufe muryar yake yi ya buga shiru.

Muka ce abin mai sauƙi ne. Shi ya yi ta faɗuwa har ajin ya sauko, mu kuma mu yi ta hawa, mu haɗu a tsakiya. Ashe wasan hawa kawai ya yi wa hanya, sauka sai ya ga dama. Ya faɗi ya faɗi, a cire masa ɗan kaɗan. In ya kusa gangarowa sai a ba shi wani katin kariya, wai kyauta, da ke riƙe shi a sama. Akwai ɓangaren wasan da ba a lissafin aji, can muna iya shiga tare, sai muka koma can. Nan ma ba mu tsira ba. Da zarar sunan Yaya ya shiga ƙungiyar sai a ɗebo mana irin waɗancan dodannin, saboda a ɓoye wasan yana riƙe da nasa awon, kuma awon hannun Bafulatanin ne a kan sunan Yaya. Ba sauran kwanciya a ciyawa, ba sauran jira. Kafin ya dubi tudu da kwari an riga an gama da shi, mu ukun muna ta ƙoƙarin ɗaga shi ana ɗauke mu ɗaya bayan ɗaya. Hira ta mutu. Abin da ya rage shi ne "ku yi haƙuri" da yake ta faɗa mana, shi da bai yi laifin komai ba.

Akwai wurin kai kuka a cikin wasan. Na haɗa ɗan Turancina na bayyana musu cewa wana ya ji ciwo a hannu, mun buga masa, a taimaka a mayar da shi ajinsa na da. Amsar ta zo nan take, da ganin saurinta ka san ba mutum ne ya karanta ba. Wai suna godiya, kuma suna tuna mini cewa ba wa wani akawun ya buga maka laifi ne da kan sa a rufe shi. Na ja tsaki na rufe, ban sake tuntuɓarsu ba.

Shagon kuwa bai taɓa gajiya ba. Duk faɗuwar da Yaya ya yi yana nan yana jiransa, da bindigar da ba ta girgiza, da abin da ke sauƙaƙa saiti, da ragin farashi na yau kaɗai wanda gobe ma na yau kaɗai ne. Wata rana na je ƙauye gyaran injin wani, matar Yaya ta tare ni a ƙofar gida. Ta ce, "Yayanka ya fara ɗibar mazarƙwailar da aka ajiye yana aikawa kasuwa, alhali ba ta yi daraja ba tukuna. Na tambaya ya ce kati zai saya. Wane irin kati ne wannan da ba ya isa?" Na ce zan yi masa magana. Ta dube ni kawai. Ta san ba zan iya ba, ni ma na sani.

Ya sayi bindigar. Ya buɗe akwatunan da ya kira caca da bakinsa. Ni ban ga laifinsa ba, kuma duk wanda ya gani ya zo mu yi ta. Ba ya iya riƙe adda, ba ya iya riƙe fartanya, a fadamarsa ya koma mai tsayawa gefe yana nuna wa 'yan ƙwadago aiki da haɓa. Wuri ɗaya ya rage masa da yake tsammanin zai koma yadda yake, ga shi kullum ana ce masa biya kawai za ka yi.

Kuma da ya biya, abin ya yi kamar ya yi aiki. Ya kira ni da hantsi, abin da bai saba ba, ko gaisuwar bai ƙarasa ba. "Kai, hannun ya fara dawowa! Jiya ni kaɗai na share wani gida kaf." Na yi murna har na kasa ci gaba da aikin da ke gabana. Da la'asar muka shiga tare a ɓangaren da ba aji. Ya kayar da mutum, ya kayar da wani, yana ta ce mini ka gani, ka gani. Sai muka iso wani gini. Wani ya fito da gudu ya bugi bango, ya ci gaba da gudu a wuri ɗaya fuskarsa manne da bangon. Ya juyo, ya yi harbi sama, ya tsaya cak a fili yana jira. Mu da muka daɗe a wasan mun san irinsu. Ba mutane ba ne, 'yan tsana ne da wasan ke tuƙawa da kansa, yana sako su ga wanda ya sha kashi da yawa ko wanda ya yi sabon saye, don ya ji daɗi kada ya gudu. Yaya bai harbe shi ba. Ya matsa kusa da shi, ya zagaya shi, ya tsaya a gabansa. Abin ya yi ta kallonsa.

"Wannan ba mutum ba ne," in ji Yaya.

Mai hatsi ya yi caraf ya ce, "Sabis ne ya ɗauke masa, Yaya. Harbe shi mu wuce."

Yaya ya ce, "Na jiya ma duk haka suke."

Muna nan har wasu suka zo suka kashe mu a tsaye.

Dabara ta ƙarshe Bafulatanin ne ya kawo ta. Ya ce kowa ya buɗe sabon akawun, mu fara daga tagulla mu huɗu kamar ba a taɓa yi ba. Da ƙyar Yaya ya yarda, don hakan na nufin ya bar tsohon sunansa da duk abin da ya zuba a kai. Kwanakin farko abin ya yi daɗi, har mun koma kwanciya a ciyawa, har ya fara gaya mini yana tunanin sayar da injin matsewar don ba ya son ganinsa. Amma wasan ba ya barin mutum ya ɓoye hannunsa. Ya gane mu ukun, ya fara jan mu sama, mu kuma muna jan Yaya zuwa inda ake kashe shi. Sai muka fara wani abu da ba mu taɓa shawartawa ba, kowa dai ya gane da kansa. Muka dinga ɓarar da harbi. In na ga mutum sai in harbi gefensa. Bafulatanin da ba ya kuskure ya koma yana faɗowa daga kan rufi. So muke mu mutu da wuri don a bar mu a ƙasa tare da shi.

Ba mu daɗe muna yi ba. Wata la'asar na saita wani a fili, kusa da ni kamar in taɓa shi, na harbi ƙasa. Ya juyo ya kashe ni. Na ce, "Kai, sabis ɗin nan!" Sai na ji Yaya ya kira sunana a hankali, ba da muryar wasa ba.

"Na'am, Yaya."

"Kai ma ka zama irin na jikin bangon nan ne?"

Ina jin numfashinsa, ina jin kukan tsuntsayen fadama ta bayansa. Can ya ce, "Ku je ku yi wasanku. Allah ya saka da alheri, kun yi iya yinku." Sai sunansa ya dushe a gefen wayata.

Bai sake hawa ba. Mu ukun muka ɗan ja, abin ba armashi. Mai hatsi ya fara cewa kasuwa ta riƙe shi, Bafulatanin ya koma tsohon akawun ɗinsa yana bugawa da baƙi. Ni nakan buɗe wani lokaci bayan la'asar, ba don in buga ba, in dubi sunan kawai in rufe. Wasan ne bai haƙura ba. Matar Yaya ta ce kullum sai wayar ta yi ƙara, da aka karanta mata aka ce cewa suke sun yi kewarsa, abokansa na jiransa, ya dawo an rage masa farashi.

Da damina ta faɗi, yatsan tsakiyar nan da ya sandare ya kumbura ya ƙi jin magani. Aka koma asibiti aka cire shi. Ban sani ba. Makarfi da ƙauyenmu ba wata tafiya ba ce, ina da waya yana da waya, amma sai bayan an sallamo shi matarsa ta aiko a faɗa mini. Na hau babur na tafi raina a ɓace. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe, ko gaisawa ba mu gama ba na ce don me za a yanke wa wana yatsa ba a kira ni ba.

Ta ajiye rariyar ta ce, "Wallahi na ce masa ya kira ka. Ya ɗauki wayar, ya daɗe yana riƙe da ita. Sai ya ajiye, ya ce bai san ta inda zai fara ba."